Ka sauya salansa, ka bar injin da yunwa: kurakuran da na gaji da gani

Duk wanda ya sayi babur mai ɗan ƙarfi, salansa ce ke fara tsole masa ido. Ya kwance ta kamfani, ya ɗaura mai ruri, bayan sati biyu ya dawo yana tambaya ko sai an yi wa injin saiti, wato a daidaita man da yake sha da iskar da yake shaƙa. Na amsa tambayar nan har bakina ya gaji. Amsar tana ga abin da ka taɓa. In gwangwanin baya kaɗai ka sauya, yawanci ba dole ba ne. In kuwa tun daga wuyan injin ka kwance bututun gaba ɗaya, ka haɗa da matatar iska, to saiti ya zama tilas, ko ka yi shi yanzu ko injin ya karɓi kuɗinsa daga baya ninki-ba-ninki.

Ni ya karɓa a wurina. Babur ne mai kafireta, wanda iska ke sanyaya shi. Na ɗaura masa cikakkiyar salansa, na cire akwatin iska na sa matatar soso, ban taɓa jet ko ɗaya ba, wato 'yan ramukan da mai ke bi a cikin kafireta. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne injin fetur da gwargwado yake cin abincinsa: nauyin iska kashi 14.7 ga fetur kashi 1 shi ne ƙonewa daidai, in an buɗe totur gaba ɗaya kuma yana son mai ya fi haka yawa, wajen 12.5 zuwa 13. Da na buɗe masa hanci da baya, iska ta ƙaru, ramin jet yana nan yadda kamfani ya huda shi. Injin ya shiga yunwar mai, kuma injin da ke yunwar mai zafi yake yi.

Ya faɗa mini, ni ne ban ji ba. Da safe sai na daɗe da cok kafin ya tsaya da ƙafarsa. In na murɗa totur da sauri sai ya yi tuntuɓe kafin ya ɗauka. Zafi yana dukan ƙwaurina ta cikin wando. Ni kuwa ƙarar ta rufe mini kunne, ina cewa babur ya ƙara lafiya. Wata uku aka yi a haka. Ran nan a doguwar hanya ƙarfi ya zube, na taka kik na ji shi sakwaf kamar ba fistin a ciki. Da bakanike ya buɗe kan injin ya miƙo mini bawul ɗin hayaƙi, gefensa a gutsure kamar ɓera ya ci. Ya ɗauko fulogin, fari fat kamar alli, ya ce: "Maigida, wannan ai tun tuni yake kuka." Ban ce komai ba, me zan ce?

Tun daga ranar, duk babur mai kafireta da na sauya wa cikakkiyar salansa, babban jet nake ƙarawa lamba ɗaya ko biyu, in sauke kilif ɗin allurar kafireta daraja ɗaya don ta ɗaga mai ya ƙaru, sannan in gyara sukurun silo. Sai in sa sabon fulogi, in yi gudu mai kyau, in kashe injin ana cikin tafiya, in kwance in duba. Ruwan ƙasa-ƙasa nake nema. In ya yi baƙi da kunkunniya, mai ya yi yawa. Wasu za su ce ina barin mai ya ɗan zarce, gaskiya ne, da gangan nake yi. Gara in riƙa wanke fulogi da in sake sayen bawul.

Masu injekta kuma nasu kuskuren daban: wai kwamfutar babur za ta gyara kanta. Wa ya gaya muku? Sensar iskar da ke jikin salansa tana aiki ne a silo da tafiya mai laushi, a nan kwamfuta ke ɗan ƙara mai ko ta rage, shi ma iyaka gare shi. Da zarar ka buɗe totur sosai, ta daina sauraren sensar, ta koma kan lissafin da kamfani ya rubuta mata, wanda aka yi don salansar da ka jefar. Ga shi baburan zamani, musamman waɗanda aka ƙera kan ƙa'idar rage hayaƙi ta Euro 5 da ta fara aiki a Turai a 2020, ba a bar musu rarar mai ba a ƙananan gudu. Ka cire matatar hayaƙin da ke tsakiyar bututun, sannan ka ce babu abin da ya canza? A nan ko dai a sake rubuta lissafin kwamfutar, ko a haɗa mata akwati irin Power Commander, kuma a kan na'urar gwajin ƙarfi, ba da kunne ba.

Asarata ta biyu ta fi ba ni haushi don ta wauta ce. Wani babur ɗin ya riƙa harbi tas-tas-tas duk lokacin da na saki totur. Na biya aka yi saiti, harbi bai daina ba. Na koma aka ƙara mai, babur ya koma shan fetur kamar raƙumi, harbi na nan. Ashe zoben gaskit ɗin da ke wuyan salansa ne, tsohon na mayar. Zoben nan sau ɗaya ake matse shi, in ya lotse ya gama aiki. Iska tana shiga ta gefen, ta tarar da ragowar mai a bututu mai zafi, ta kama. Sabon zobe da ɗaure noti biyu suka kashe maganar. Don Allah kafin ka kai babur saiti saboda harbi, ka tayar da shi da sanyi ka kai hannu kusa da mahaɗin, ka ji ko yana hura maka iska, ka duba ko akwai baƙar kunkunniya a wurin. Ka kuma sani baburan Yamaha da Suzuki da yawa suna da bawul da ke tura iska cikin hayaƙi da gangan, AIS ko PAIR. Harbin da yake haddasawa dama can yana nan, tsohuwar salansa ce ke ɓoye shi, kuma ba ya cutar da injin.

Sauran ƙanana ne. Kada ka sauke lissafin wani daga intanet ka zuba, sai in babur da salansa da matata duk iri ɗaya ne. Kada ka yi saiti yau gobe ka sauya matatar iska ko ka zare toshiyar rage ƙara, ka gama duk sauye-sauyenka tukuna. Bututu mai faɗin baki ba shi ne ƙarfi ba, sau da yawa ƙarfin ƙananan gudu yake cinyewa, ka tashi daga tsaye kamar mai ciwon baya. Gwangwanin baya kaɗai ƙarfin doki ɗaya ko biyu zai ƙara maka in ka yi sa'a, ƙara da raguwar nauyi ka saya. In babur ɗin yana da bawul a salansa irin EXUP ka cire ɗan injin lantarkin da ke juya shi, fitilar gargaɗi za ta kunnu. In yana cikin garanti, ka karanta takardar kafin a taɓa kwamfutar.

Tsohuwar salansar kuma ka shafe ta da mai ka ajiye, har da notinanta. Tawa ta farko kyauta na bayar, ranar da na tashi sayar da babur mai saye ya ce ita yake so.