Ciwo na nan, magani ya yanke: yadda mai daɗaɗɗen ciwo zai bi da kansa a Yamai

Duk mai fama da ciwon baya, amosanin gaɓɓai, sikila, ciwon jijiya ko ciwon daji a Yamai ya san abin da ya faru bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta saka takunkumi, iyakar Benin ta rufe, kayan da ke shigowa ta tashar jirgin ruwan Kwatano suka tsaya, mutane suka riƙa zaga farmasi huɗu, biyar da takardar likita a hannu ana ce musu babu. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma yankewar magani ba ta da lokaci, tun da kusan duk abin da muke sha daga waje yake zuwa. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, a irin wannan hali, abin da ya fi kwantar da mutane ba ciwon ba ne shi kansa. Abu biyu ne: daina magani mai ƙarfi lokaci guda, da maye gurbinsa da duk abin da hannu ya kai.

Fara da ƙirga abin da ya rage

Kada ka jira sai kwali ya zama wayam. Zazzage magungunanka a kan faranti, ka ƙirga ƙwayoyin kowane iri, ka raba da yawan da kake sha a yini. Wannan shi ne kwanakin da suka rage maka. In sun gaza 14, yau za ka fara nema.

Ka sa a rubuta maka sunan asali na kowane magani da ƙarfinsa a miligiram, domin sunan da ke manne a kwali na kamfani ne kawai. Doliprane, Efferalgan da Dafalgan duk farasitamol ne. Mutum zai iya cin yini yana neman Doliprane, alhali irinsa mai araha yana nan a farmasin gwamnati da ONPPC, hukumar samar da magunguna ta ƙasa, ke ba kaya, ko a CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarsu. In ka shiga farmasi ka nemi ganin mai farmasin da kansa, ka tambaye shi ko akwai mai wannan sinadari da wani suna, ko a wani ƙarfi daban, ko na ruwa. Kafin ka biya kuɗin kabu-kabu, ka buga waya. Wanda ke bin asibiti saboda sikila ko daji ya koma inda ake duba shi, wato cibiyar masu sikila ta ƙasa ko cibiyar yaƙi da cutar daji, dukansu a Yamai, domin su suka fi sanin abin da za a musanya masa.

Magungunan da ba a yanke su kwatsam

Tiramadol, wanda ake kira tiramol a titi, da kodin da morfin, idan an sha su kullum na makonni, jiki yakan saba da su. Wannan ba shaye-shaye ba ne, kuma ba abin kunya ba ne, haka maganin yake aiki. In aka daina lokaci guda, cikin yini ɗaya mutum zai fara hamma, hawaye da majina na zuba, gumi, tashin tsikar jiki, murɗawar ciki, zawo, rashin barci, ciwon ma ya ninka. Abin yakan kai maƙura a kwana na biyu zuwa na uku, ya lafa cikin mako ɗaya zuwa kwana 10. Tiramadol yana ƙara da faɗuwar gaba da ruɗewa, saboda yana taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa masu riƙe da yanayin zuciya.

Mafita ita ce a ja abin da ya rage a hankali. Ga misali: mai shan ƙwaya ta miligiram 50 sau huɗu a yini, ya rage masa 30. In ya ci gaba yadda ya saba, a kwana na takwas zai faɗa rami. In ya sha uku a yini na kwana 5, biyu na kwana 5, ɗaya na kwana 5, ƙwayoyi 30 ɗin nan sun kai shi kwana 15, jiki kuma ya sauko tsani-tsani. Wannan saurin na dole ne. Da magani na wadace, ragin kashi 10 cikin 100 a mako ya fi sauƙi ga jiki. Ka kai lissafin wurin likita ko majo, wato babban ma'aikacin jinya na CSI, ya duba kafin ka fara, ka bar ƙwayar dare ta zama ta ƙarshe da za a cire. Ƙwayar da aka rubuta LP a kwalinta mai narkewa ce sannu a hankali: ba a fasa ta, ba a tauna ta, ba a daka ta, domin maganin awa 12 ko 24 zai shiga jini gaba ɗaya.

Ga wani wuri da ake rasa rai, kuma ba kowa ya san shi ba. Bayan mako ɗaya ko biyu ba a sha ba, sabon da jiki ya yi ya ragu. Ranar da morfin ko tiramadol ya dawo kasuwa, wanda ya koma kan yawan da yake sha a da zai iya yin barcin da numfashi ke tsayawa a cikinsa. A koma da kaɗan, da sanin likita.

Su ma gabapentin, piregabalin da amitiriptilin na ciwon jijiya, da dangin kotizon kamar piredinizon da deksametazon, a hankali ake sauke su. Wanda ya daɗe a kan kotizon ya yanke shi kwatsam, jininsa na iya faɗuwa har ya suma.

Farasitamol da danginsa: iyakar da ba a tsallakewa

Babba yana shan giram ɗaya, wato ƙwaya biyu ta miligiram 500, kowace awa 6. Ba a wuce giram 4 a yini ko da ciwon ya kai ina. Tsoho, da wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, da mai ciwon hanta, da mai shan barasa, kada su wuce giram 3, wasu ma likita zai rage musu ƙasa da haka. Ciwon hanta nau'in B ya yawaita a ƙasar nan, da yawa kuma ba su san suna ɗauke da shi ba, don haka wannan iyaka ba ta wasa ba ce. Yaro ana auna masa miligiram 15 a kowane kilo, kowace awa 6: mai kilo 20 zai sha 300.

Inda ake kuskure shi ne haɗawa ba da sani ba. Maganin mura irin su Fervex yana da farasitamol, haka Ixprim, haka masu haɗe da kodin. Mutum ya sha wannan ya sha wancan, ya haura iyaka, ba ya jin komai a yinin farko, sai bayan kwana biyu ko uku ido ya yi rawaya, hanta ta riga ta lalace. Wanda ya gane ya zarce ya tafi asibiti a ranar, ko da garau yake ji, domin maganin da ke kare hanta a awoyin farko ya fi aiki.

Ga mai ciwon kullum, shan farasitamol a kan lokaci, misali ƙarfe 6 na safe, 12, 6 na yamma da 12 na dare, ya fi a jira ciwo ya taso sannan a bi shi da gudu.

Ibuprofen da diklofenak suna taimaka wa ciwon gaɓɓai mai kumburi. Ibuprofen miligiram 400 ne sau uku a yini, bayan an ci abinci, na ƴan kwanaki. Ana iya haɗa shi da farasitamol, amma ba a haɗa shi da diklofenak ko asfirin, aikinsu ɗaya ne, ɓarnarsu ce kawai ke taruwa. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda ko zuciya, mai shan maganin tsinka jini da mace mai ciki, musamman daga wata na shida, su nisance su. Mai hawan jini ya tambayi likita tukun. A watannin Afrilu da Mayu, da zafin Yamai ke haura digiri 40, da kuma cikin azumi, jiki a bushe yake, waɗannan magunguna kuma suna rage jinin da ke zuwa ƙoda. Wanda ba ya samun isasshen ruwa ya bar su. Ga gwiwa ko yatsu, diklofenak na shafawa sau uku a yini ya fi aminci ga tsofaffi, kaɗan ne ke shiga jini.

Maganin tire da na jiƙo

Dubi katin tiramol a tiren mai talla a bakin tasha: rana ta kashe launin takardar, an rubuta 200 ko 225 a jiki, alhali wadda likita ke rubutawa mai saurin aiki yawanci 50 ce, iyakar yini kuma 400. Biyu daga cikinsu sun isa su jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma ba wanda zai tabbatar maka abin da ke ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2017 cewa kusan ɗaya cikin kowane magani 10 a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko mara inganci. Haka garin magani ko jiƙon kwalba da ke ɗauke ciwon gaɓɓai cikin awa guda: akan sami masu zuba kotizon ko diklofenak a ciki. In fuska ta fara kumbura, ciki ya yi tumbi, suga ya hau, to alamar ke nan. Tsaga da sakiya a kan gaɓa mai ciwo ƙarin ciwo suke jawowa, ga mai ciwon suga kuwa gyambon da ba ya warkewa.

Naka na gida ka ajiye shi a cikin kwalinsa, a ɗakin da ya fi sanyi, can ƙasa, nesa da rufin kwano da aljihun babur.

Rage wa jiki buƙatar magani

Wannan ɓangare ne mutane suka fi rainawa, shi ne kuma ke riƙe mutum tsawon watanni. Daɗaɗɗen ciwo yana sa jijiyoyi su zama masu saurin tunzura, rashin barci da fargaba da yawan kwanciya kuma suna ƙara tunzura su.

Fara da auna aiki. Mai ciwon baya takan tashi ranar da ta ji dama ta wanke tulin kaya a duƙe, ta share tsakar gida, ta yi daka, sai ta kwanta kwana uku. Gara ki auna minti nawa kike iya aiki kafin ciwo ya taso. In minti 20 ne, ki tsaya a 15, ki huta 5, ki koma, ko da kina jin za ki iya wucewa. Bahon wanki a ɗora shi a kan benci, tsintsiya a sa mata doguwar sanda, jarka mai lita 25 a raba ruwanta gida biyu. Tafiya ma haka: minti 10 bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi, kullum, a ƙara minti ɗaya ko biyu a kowane mako. Ɗan ƙarin tsami da ya lafa kafin gobe ba alamar ɓarna ba ce. Wanda ruku'u da sujada ke tayar masa da ciwo, addini ya sauƙaƙa masa ya yi salla a zaune.

Gasa jiki da ɗumi yana sassauta jijiyar wuya da ta baya. A tsoma tawul a ruwan ɗumi wanda hannu ke iya jurewa, a matse, a ɗora minti 15 zuwa 20, sau biyu ko uku a yini. Gaɓa mai zafi da kumburi ƙanƙara take so, a naɗe cikin zane, minti 10. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta mutu kada ya gasa ta, zai ƙone bai ji ba. Mai sikila kuma kada ya kusanci ƙanƙara ko wankan ruwan sanyi, sanyi ne ke tsuke hanyoyin jini ya tayar da ciwon. Nasa ɗumi ne, da ruwa lita 2 zuwa 3 a yini ga babba, da rufe jiki sosai a lokacin hunturu.

In ciwo ya taso da dare, a kwanta a gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, ko rigingine da matashi a ƙarƙashinsu. A ja numfashi ta hanci ana ƙirga huɗu, a sake shi ta baki ana ƙirga shida, har minti 10. Mai tasbihi na iya daidaita shi da zikirinsa. Shayi mai kauri da goro a bar su daga la'asar. Masu jinya su ma suna da aiki: tausa a hankali, hira, fitar da mara lafiya inuwar ƙofar gida cikin mutane. Kaɗaici yana ƙara wa ciwo nauyi.

A samu ƙaramin littafi, safe da dare a rubuta ƙarfin ciwo daga 0 zuwa 10, da abin da aka sha, da aikin da aka yi. Bayan mako biyu za a ga abin da ke tayar da shi, likita kuma zai samu abin da zai dogara da shi wajen canza magani.

Lokacin da ba a zama gida

Baƙin bayan gida kamar kwalta ko aman jini, raguwar fitsari da kumburin ƙafa, jijjiga, rawayar ido, duk na asibiti ne nan take. Haka ciwon baya da ya zo da mutuwar ƙafafu, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, ko zazzaɓi da rama. Mai sikila da ya ji ciwon ƙirji, numfashi ya yi wuya, zazzaɓi ya kai 38.5, ko gefen jiki ya saki, ko gaba ta miƙe da zafi ta ƙi kwanciya bayan awa biyu, a ɗauke shi ba jira. Wanda ya sha tiramadol ko morfin ya yi barcin da ake tashe shi da ƙyar, numfashinsa jefi-jefi, leɓe ya yi duhu, a kwantar da shi a gefe, kada a ɗura masa madara ko ruwa, a kai shi sashen gaggawa da kwalin abin da ya sha. Wanda kuma ciwo ya kai shi ga cewa gara ya mutu, a ɗauki maganarsa da gaske: a kwashe magungunan daga kusa da shi, wani ya zauna da shi, a kai shi wurin likita a ranar.