Yadda za a bar wa ɗalibai naƙasassu hanya in ana gini a jami'a

Shekara 19 ina aikin gini a Yamai, kuma abin da zan faɗa wata ɗaliba ce ta koya mini. Ran nan mun sa an juye yashi a bakin wani zauren karatu, daidai kan gangarar shiga. Da safe ta iso bisa kekenta na guragu, tayar gaba ta nutse. Ta ce, "Baba, jarrabawa gare ni ƙarfe takwas." Mu huɗu muka ɗaga ta da keken, na ga ranta bai so ba.

Kafin ka sa diga a ƙasa, nemi ɗaliban ta hannun ƙungiyarsu, ku taka hanyar tare: daga ɗakin kwana zuwa aji, wurin cin abinci, masallaci da makewayi. Inda suka bi, kada a sauke yashi, tsakuwa ko bulo.

In rami ya ratsa hanya, katako ɗaya na baro bai isa ba. Faɗin keke ya kai santimita 70, don haka a haɗa alluna su yi mita 1 da santimita 20, a kafe su da ƙusa, a sa ɗan baki gefe da gefe kada taya ta zame. Gangara kuwa, duk tsayin santimita 10 a ba shi tsawon santimita 120. Abin da ya fi haka miƙewa sama, da wuya hannu ya iya tura keke a kai. Hanyar wucin gadi a zuba mata jar ƙasa a daɓe sosai, balle daga Yuni zuwa Satumba da ruwa ke kwance ko'ina.

Kirtanin nan ja da fari da ake kewaye wurin aiki da shi na masu ido ne. Sandar makaho ƙasa take lalube, ta ƙarƙashinsa za ta wuce. A kafa kwano ko katako tun daga ƙasa, a lanƙwasa ƙarafan da suka leƙo daidai fuska.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, saboda haka kada ka ji nauyin gaya wa hukumar makaranta ta sauko da darasi ƙasa in an toshe bene. Duk canjin hanya a sanar kwana biyu kafin nan: saƙon murya ta WhatsApp don makafi, rubutu a jikin bango don kurame. Da yamma kafin a tashi, ni da kaina nake tura baro cike da siminti a bisa hanyar. Inda ya cije, nan za mu fara gyara da safe.