Masu koyon gwajin barci, ga inda kuke ɓata mana dare

Duk wanda ya zo koyon aikin gwajin barci a nan Kaduna, hankalinsa na kan kwamfuta da layukan da ke gudu a allo. Bakina ya gaji da faɗa: yawancin gwajin da ya lalace, tun kafin a kashe fitila ya lalace.

Babban laifin shi ne liƙa waya a kai ba tare da awo ba. Akwai tsarin 10-20, wato ƙa'idar auna kai don sanin inda kowace waya za ta zauna, kuma ba don ado aka ba ka tef ɗin awo ba. Auna daga karan hanci zuwa ƙashin ƙeya, daga kunne zuwa kunne, ka sa alama, ka goge fatar wurin sosai kafin ka sa man liƙi. Mutanenmu kan zo da basilin ko man kaɗanya a ka, musamman da hunturu, waya kuwa ba ta kama fata mai maiƙo. In na'ura ta nuna maka sama da kilo-om 5 a ma'aunin kamun waya da fata, cire ka sake, ko da mai shi ya fara hamma.

Akwai yaron da na bar wa wani dattijo da ya taso tun daga Kafanchan saboda minshari da gyangyaɗin rana. Yaron ya yi aikin gaggawa don ya samu ya zauna. Tsakar dare wayoyin bayan kunne suka saki, layukan ƙwaƙwalwa duk suka hargitse, yaron kuma yana can yana latsa wayarsa har gari ya waye. Ni na tsaya gaban bawan Allah nan ina cewa, "Alhaji, a yi haƙuri, sai an sake." Bai ce komai ba, hularsa kawai ya ɗauka. Kuɗin mota, kuɗin gwaji, daren da ya kwana cikin igiyoyi, duk a banza. To don me aka ajiye ka a ɗakin? Gadin na'ura? Idonka ya tsaya a allo, hannunka ya riƙa rubutu: ya juya rigingine, ya fita bayi, an ɗauke wuta, an tada janareto. Numfashi ya fi ɗaukewa in mutum yana rigingine, likita kuma ba ya nan, abin da ka rubuta zai dogara da shi.

Sai batun asuba. Barcin mafarki, wato REM, ya fi yawa a ƙarshen dare, kuma a nan cutar wasu take fitowa fili. Ni da an idar da isha nake fara liƙi, don in samu aƙalla awa 6 kafin kiran salla. Kai da kake bari sai sha biyu ta gota, kana yanke wurin da aka fi buƙata.

Wutarmu 50 ce a ma'aunin hats, ta Amurka 60, don haka in layuka suka hargitse duba ko matatar na'urar, mai tace hargitsin wuta, tana kan 50 kafin ka zargi waya, ka kuma ɗauke cajar da ke kusa da gado. Kada ka tsallake gwajin farko, inda za ka ce wa mara lafiya: buɗe ido, rufe, dubi hagu da dama, cije haƙora, motsa ƙafa, riƙe numfashi. Tun ranar ba da lokaci a gaya wa mata su tsefe kitso, a kuma nemo musu ma'aikaciya mace. Baƙin lalle da jan farce kan rikita abin auna oksijin na yatsa. Goro, shayi da kofi, ni daga azahar nake hanawa.

Lissafin da kwamfuta ke yi da kanta ban yarda da shi ba. Bi shafukan da idonka, daƙiƙa 30 bayan 30, kuma a wurin manya ɗaukewar numfashin da ba ta kai daƙiƙa 10 ba ba ta shiga lissafi. In mara lafiya ya tambaye ka da safe me ka gani, ce masa, "Baba, likita zai yi maka bayani," ka ɗauko ruwan ɗumi ka wanke masa man da ke kansa.