Kurakuran da Angwaye Ke Yi Wajen Zaɓen Otal a Tsibirai

A 'yan shekarun nan, da zarar kaka ta yi, aka kai riɗi da zoɓo kasuwar Maigatari, shinkafa ta shigo daga fadamun Haɗeja, sai samarin da Allah ya buɗa wa su fara maganar kai amarya cin amarci ƙasar waje, kuma yawancinsu tsibirai suke nufa, wato Zanzibar ko Maldibi ko Saishal. Da yake na daɗe ina taimaka wa mutanen yankinmu na Ringim da takardun tafiya, musamman na Umara, yawancin masu wannan niyya sukan biyo ta zaurena, kuma kusan dukkansu da hoton ɗaki a waya suke zuwa, ba da tsarin tafiya ba. Kurakuran iri ɗaya ne, har na gaji da maimaita su ga mutum ɗaya-ɗaya.

Mafi tsadar kuskure shi ne a zaɓi otal kafin a san yadda za a isa gare shi. Ƙasar Maldibi tsibirai ne kusan 1,200 a warwatse cikin rukunai 26, kuma babban filin jirgin samanta, Velana, yana kan wani tsibiri dab da Male, babban birnin ƙasar. Manyan otal-otal ɗin can kowanne tsibirinsa daban ne, shi kaɗai a kai. Na kusa ana zuwa da kwale-kwale mai inji, na nesa kuwa sai da ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, wanda ba ya tashi bayan faɗuwar rana, kuma kuɗinsa na zuwa da dawowa yakan kai ɗaruruwan daloli ga mutum guda. Wannan kuɗi sau da yawa ba ya cikin farashin da ake gani a shafin kama ɗaki.

Wani ƙanina, ɗan baffana, ya kama otal biyu a rukunan tsibirai biyu mabambanta saboda ya ga ragi, ya biya kuɗin da ba a mayarwa, sannan ya zo yana ba ni labari. Jirginsu daga Doha ya sauka da yamma lis, an riga an rufe tashin ƙananan jirage. Ina kwance wayarsa ta shigo, muryarsa na rawa, yana cewa, "Yaya, sun ce sai gobe, kuma amarya tana zaune a kan akwati tana kuka." Suka kwana a wani ƙaramin masauki a Hulhumale, tsibirin da ke haɗe da filin jirgin, ɗakin da suka biya da tsada yana can babu kowa. Da lokacin sauya otal ya yi, sai aka gaya musu babu hanya kai tsaye tsakanin tsibiran biyu, dole a dawo Male a sake biyan wani jirgin. Guzurinsa ya ƙare a nan, kuma buhunan riɗin da na adana ina jiran farashi ya tashi, su na fitar na sayar da asara, na sa aka canza mini a Wapa, kasuwar canjin kuɗi ta Kano, aka tura masa. Har yau idan na tuna raina yakan ɓaci, domin tambaya guda da zai aika wa otal ɗin ta isa ta hana duk wannan. Mutum ya yi wata da watanni yana lissafin lefe turmi-turmi, amma ya kasa zama na rabin sa'a ya lissafa hanyar da zai bi da 'yar mutane a tsakiyar teku!

Abin da nake yi yanzu shi ne, kafin a buɗe hoton kowane otal, ina sa ango ya ɗauki takarda da biro ya rubuta ranakun tafiyar ɗaya bayan ɗaya, da lokacin saukar jirgi, da abin hawan da zai kai su kowane tsibiri, da kuɗinsa. Idan otal ɗin sai da jirgin sama mai sauka a kan ruwa ake zuwa, ba na yarda da tikitin da zai sauka Male bayan ƙarfe 3 na rana. Idan tafiyar ta mako guda ce, tsibiri biyu ne iyakata, domin kowace sauyawa tana cinye kusan yini guda: ana fita daga ɗaki kafin azahar, ba a ba da sabon ɗaki sai wajen ƙarfe 2, sauran lokacin kuwa na jira ne da ɗaukar kaya. Daren ƙarshe kuma kusa da filin jirgi nake sa a kwana, ko da wurin bai kai sauran kyau ba, saboda idan teku ta yi fushi aka dakatar da fito, jirgin komawa Kano ba zai jira kowa ba. Wasu masu shirya tafiya suna ganin wannan asarar dare guda ce, ni kuwa ban taɓa nadamarsa ba. A tuna kuma cewa yawancin jiragen fito na gwamnati a Maldibi ba sa aiki ranar Juma'a.

A Zanzibar lamarin ya fi sauƙi, amma akwai nasa tarkon. Manyan tsibiran biyu ne, Unguja da Pemba. Daga Darussalam ta Tanzaniya zuwa Unguja kusan sa'a biyu ce a jirgin ruwa mai sauri, Pemba kuwa an fi zuwa da ƙaramin jirgin sama, wanda yawanci ba ya karɓar kayan da suka wuce kilo 15 zuwa 20 ga mutum guda. Amaryar da ta ɗauko rabin lefenta za ta biya kuɗin ƙari ko ta bar akwati a baya. A Saishal ne sauya tsibiri ya fi daɗi, domin daga Mahe zuwa Praslin kusan sa'a guda ce a ruwa, daga nan zuwa La Digue minti 15, sai dai a tabbatar da sharuɗɗan shiga ga mai fasfon Najeriya kafin a biya ko kwabo.

Kuskure na biyu ya fi na farko cin rai, ko da yake bai kai shi cin aljihu ba, shi ne ango ya zaɓi wuri bai yi tunanin sutura da sakewar amaryarsa ba, bai ma shawarce ta ba. Yarinyar da ta tashi a gidan kulle, wadda ko gaban yayyen mijinta ba ta ɗaga kai, an ɗauke ta an ajiye a otal ɗin da wurin iyonsa guda ne na kowa da kowa, baƙi suna kwance a rana kusan tsirara, kiɗa yana tashi har tsakar dare. Me ake so ta yi? Sai ta shige ɗaki ta ja labule, ta wuni tana waya da Innarta, ango kuma yana ƙorafin ya kashe kuɗi ba a gode ba. Laifin nasa ne. A arewacin Unguja, Nungwi da Kendwa sun fi kyawun ruwa don iyo, amma nan ne cunkoso da shagalin dare suka fi yawa. A gabashin tsibirin, wuraren Paje da Jambiani da Matemwe, ruwan teku yakan janye ya yi nisa sosai sau biyu a yini, ya bar fili mai laka da gonakin ciyawar teku da matan garin suke nomawa, tamkar fadamarmu bayan janyewar ambaliya, alhali hoton da aka tallata an ɗauke shi ne lokacin cikowar ruwa. Wurin ya fi natsuwa, musamman Matemwe da Jambiani, amma wanda ya zo don iyo sai ya jira lokacinsa.

Ni ɗaki mai ɗan wurin iyo na kansa da katanga nake ba da shawara, ko da za a rage kwanaki don a iya biya, kuma nakan sa a nemi otal ɗin ya turo bidiyon ɗakin daga waje, a ga ko mai wucewa zai iya hango ciki. Ɗakunan kan ruwa da ake yayi a jere suke a kan gadar katako, wasu maƙwabci yana ganin barandar maƙwabcinsa sarai. Wanda aljihunsa bai kai ba, akwai mafita mai kyau a Maldibi: tun 2009 aka ba da damar buɗe ƙananan masaukai a tsibiran da 'yan ƙasa suke zaune, irin su Maafushi, inda jama'ar Musulmi ne, ana jin kiran salla, ba a sayar da giya, abincin kuma halal ne. A manyan otal-otal kuwa an ba su izinin sayar da giya da naman alade, don haka sai an tambaya.

Maganar farashi ma ana yawan tuntuɓe a kanta. A Maldibi ana ɗora harajin kashi 17 cikin 100 tun daga Yulin 2025, da kashi 10 na ladan hidima, da harajin muhalli na dala 12 ga kowane mutum a kowane dare a manyan otal-otal. A tsibirin da otal ne kaɗai a kansa babu shago, babu mai shayi, ko ruwan sha a farashinsu za a saya, saboda haka kama ɗaki da karin kumallo kawai yaudarar kai ce. Haka nan tsarin da aka haɗa komai a ciki, wani kaso na kuɗinsa na giya ne da ba za ku sha ba. Ni na fi son tsarin abinci uku ko na safe da dare.

Sauran ƙanana ne, amma suna faruwa. Kada a rubuta sunan ango a tikitin amarya alhali sunan mahaifinta ne a fasfonta. Otal da yawa ba sa ba da kyautar amarci sai sun ga takardar shaidar aure, mu kuwa a masallaci ake ɗaura mana, don haka a nemi takardar tun da wuri. A gaya musu tun kafin zuwa kada su ajiye kwalbar giya a ɗaki da sunan tarba. Damina mai ƙarfi a Zanzibar daga Maris zuwa Mayu take, a Maldibi kuwa daga Mayu zuwa wajen Nuwamba, kuma rangwamen da ake gani a waɗannan watanni dalilinsa ke nan. Daga 1 ga Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta ta dala 44. Katin rigakafin shawara kuma a sa shi cikin fasfo tun daga gida, domin ana iya tambayarsa a wurin sauka, kuma a yi allurar aƙalla kwana 10 kafin ranar tashi.