Yadda ake riƙe ritirakta a ɗakin tiyata

Ƙanwata, ranar da kika fara shiga ɗakin tiyata, bayan kin wanke hannu kin sa riga da safar hannu, aikin farko da likita zai danƙa miki shi ne riƙon ritirakta, ƙarfen nan da ake janye fata da tsoka da shi don a ga inda ake aiki. Ɗalibai na raina shi. Ni kuwa a nan nake gane wadda za ta iya.

Ki haddace su da suna, don likita ba zai tsaya yi miki kwatance ba. Langenbeck ƙarami ne mai lanƙwasasshen baki, na yanka marar zurfi kamar na ƙaba. Sunan wani likitan Jamus ne da ya rasu a 1887. Deaver dogo ne mai gantsarwa, da shi ake kawar da hanta ko hanji. Doyen mai faɗin baki shi za ki fi gani, tunda tiyatar haihuwa ce ta fi yawa a wurinmu. Akwai kuma masu riƙe kansu, irin su Balfour na ciki da Weitlaner mai haƙora.

Likita ne ke ɗora ƙarfen, ke riƙewa ce taki. Inda ya ajiye shi, da ƙarfin da ya ja, haka za ki tsaya. Kada ki gyara don ke ma ki leƙa. Ki riƙe da tafin hannu duka, gwiwar hannu a jikin haƙarƙarinki, ƙafafu a ɗan ware. Mai riƙewa da 'yan yatsu tun kafin a yi nisa hannunta ke fara rawa. In aka ce a ƙara buɗewa, yawanci ba ƙarfi ake nema ba, bakin ƙarfen ake so ki ɗan karkata ciki. Hanta da saifa ba sa jure fizga, sai su tsage jini ya ɓalle, shi ya sa ake shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyalle tsakaninsu da ƙarfen. Idan hannunki ya gaji, ki faɗa da baki. Sakin ba-zata lokacin da ake ɗaure jijiyar jini ya fi komai haɗari.

A tiyatar haihuwa, Doyen na tsare mafitsara ne yayin da ake yanka ƙasan mahaifa. Da likita ya zura hannu zai ɗago kan jariri, ki zare shi. Bayan an fito da jariri ki mayar don ɗinki.

Balfour kuma, kada ki ga ya riƙe kansa ki manta da shi. Idan fikafikansa na gefe sun yi tsawo ga siririyar mace, sukan danne jijiyar da ke sauka cinya, ta farka ƙafa ba ƙarfi. A aiki mai tsawo ki tuna wa likita a sassauta shi lokaci-lokaci.

Kafin a rufe ciki ana ƙirga komai da murya, mutum biyu. Balfour na warwaruwa, don haka kowane fiffike da kowane noti lissafinsa daban. Bayan aiki ki buɗe gaɓoɓinsa, ki goge jinin da buroshi kafin ya bushe, sannan a turara shi a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, digiri 121 na aƙalla minti 15.