Gyaran sauti a kwamfutar tace bidiyo mai katin sauti fiye da ɗaya

Masu tace bidiyon biki da na wa'azi a Jidda da Makka sukan ƙara katin sauti na USB a kan na cikin kwamfuta, ga allon HDMI da Windows ke ƙirgawa na uku. Daga nan rikici ke tasowa.

1. Danna maɓallin Windows da R, ka rubuta mmsys.cpl don buɗe jerin na'urorin sauti. Kashe duk na'urar da ba ka amfani da ita, musamman ta HDMI, don ita ta fi sace sauti.

2. A Properties na kowane kati, shiga Advanced, ka sa 48000 Hz, ma'aunin da yawancin kyamarori ke ɗauka da shi. In wani kati yana kan 44100, za ka iya jin ƙas-ƙas ko murya ta sauya.

3. Premiere Pro, manhajar tace bidiyo, ba kullum yake bin zaɓin Windows ba. Buɗe Preferences, sannan Audio Hardware, ka zaɓi katin da kanka, da ASIO (manhajar da ke haɗa Premiere da katin kai tsaye) na kamfaninsa in akwai. Kada ka ɗauki murya da wani kati kana saurare ta wani. Kowanne da agogonsa, kuma a doguwar lacca motsin baki da murya sai su rabu sannu a hankali. In ba ɗaukar murya kake ba, mayar da Default Input zuwa No Input.

4. Sauti na yankewa? Ɗaga buffer (ma'ajiyar sauti ta wucin gadi) zuwa 512 ko 1024, ka jona katin kai tsaye a jikin kwamfuta.

5. In akwai gurnani, jona kwamfuta da lasifika a soket ɗaya. A DeHummer, matatar cire gurnani ta Premiere, kuwa zaɓi 60, domin wutar Saudiyya 60 Hz ce, ba 50 irin ta Najeriya da Sudan ba.