Yadda Ake Fara Aiki da Yaron da Ba Ya Gani Kuma Ba Ya Ji

Makaho da kunnensa yake dogara, kurma kuma da idonsa. Yaron da ya rasa duka biyun, duniyarsa ta tsaya iya inda hannunsa ya kai, don haka dabarun koyar da makafi ko na kurame su kaɗai ba sa isarsa. Sau da yawa ma akwai wata lalurar a kai, kamar farfaɗiya ko shanyewar gaɓoɓi, musamman ga wanda aka haifa bakwaini, ko sanƙarau ya taɓa shi, ko mahaifiyarsa ta kamu da rubela, wata cuta mai kama da ƙyanda, tana da juna biyu. Ga matakan da malami ko mai kula zai bi.

Da farko, a gano abin da ya rage masa. Yawancin irin waɗannan yara suna da ɗan sauran gani ko ji. Likitan ido da na kunne su auna shi, a ba shi tabarau ko na'urar ƙara ji idan za su amfane shi. A riƙa sake awon, domin wata lalurar gaba take ci. A ciwon Usher, ana iya haifar yaro kurma, daga baya dundumi ya kama shi, ganinsa ya yi ta ƙuntata. Irin wannan yaro, a fara koya masa rubutun makafi tun idonsa bai rufe ba.

Na biyu, kada ka faɗo masa kamar daga sama. Taɓa kafaɗarsa a hankali, ka dakata, sannan ka bar shi ya shafa abin da zai gane ka da shi kullum, agogonka ko zobenka. In za ka tafi kuma, ka yi masa alamar sallama. Abin tausayi ne yaro ya ci gaba da miƙa hannu ga wanda ya riga ya bar ɗakin.

Na uku, kuma a ganina shi ne ginshiƙin aikin: kada ka damƙe hannunsa. Da hannun yake gani, da shi yake ji, da shi zai yi magana. Duk wanda ya fizge shi ya tura cikin abin da yaron bai sani ba, ya koya masa tsoro ne, gobe sai ya dunƙule hannu ya ƙi buɗewa. Sa naka hannun a ƙarƙashin nasa, kai ka taɓa abin, shi yana bin motsinka, har yatsunsa su sauka a kai don kansu. In ya janye, ƙyale shi. Jan van Dijk, malami ɗan ƙasar Holan da ya yi aiki da yaran da rubela ta shafa tun shekarun 1960, ya gina koyarwarsa a kan motsi tare: ku yi lilo jiki da jiki, sai ka tsaya cak. Idan yaron ya motsa kafaɗa ko ya ja rigarka, ya ce "ƙara" ke nan, sai ka ci gaba nan take. Jiran na iya daɗewa, domin saƙon da ya bi ta fata yana ɗaukar lokaci kafin a fahimce shi. Kada ka gaji ka amsa masa da kanka.

Na huɗu, sanar da shi abin da ke tafe. Cokali ya zama alamar cin abinci, tawul na wanka, takalmi na fita. Jera su a akwati mai gida-gida bisa tsarin yini, wanda aka gama a sa shi a kwando daban.

Na biyar, ɗora koyon harshe a kan wannan. Akwai maganar kurame da ake yi hannu cikin hannu, da zana haruffa a tafin hannu, da rubutun makafi na Braille mai ɗigo shida. Kowace kalma ta zo tare da abinta. A 1887 malama Anne Sullivan ta yi makonni tana rubuta wa Helen Keller, wata yarinya 'yar Amurka da ba ta gani kuma ba ta ji, kalmomi a hannu, amma sai da ruwan famfo ke zuba a ɗaya hannun yarinyar ta gane cewa kowane abu yana da suna.

Na shida, a haɗa kai. Iyaye, malami, likitan gashin ƙashi da duk mai kula su yi amfani da alama iri ɗaya, a rubuta su a littafi guda da ke bin yaron duk inda ya je. Kayan ɗaki su zauna a wurarensu. Idan ya fara cizon hannu ko buga kai, kada a ce masa mai taurin kai. A duba haƙori, kunne da ciki tukuna, sannan a tambaya me ya canja a tsarin ranar ba tare da an sanar da shi ba.